Takarda ta Biyu

Tun da na ji tsayuwar babur a ƙofar gida ranar Asabar ɗin nan gabana ya faɗi. Da na saurari faɗuwar gaban, da na bar ambulan ɗin a kan tebur har mai shi ta dawo. Ban bari ba, kuma abin da hannuna ya jawo mini kwana huɗu na yi ina ɗauke da shi.

Shekara goma sha tara ina aikin karɓar kaya a sito. Aikin ba shi da wuya, amma yana da dokoki. Mota za ta tsaya a ƙofa, direba ya miƙo takardar kaya, kai kuma ba ka sa hannu sai ka buɗe kwali ka gani da idonka. Abin da aka rubuta a saman takarda shi ne abin da ke cikin kwali. Idan kuma takarda ta biyu ta biyo bayan ta farko, to ta farkon ta mutu, an gano kuskure ne aka gyara. Dokokin nan sun shige mini jini. Don haka da mai babur ya miƙo mini ambulan da biro, sai na sa farce na yage bakinsa kafin in sa hannu. Sai da na zaro takardar na tuna ba a sito nake ba, kuma sunan da ke jiki ba nawa ba ne, na 'yata ne.

Ita ce ta fari a gidan. Lauya muke kiranta, don tun tana shekara huɗu ba wanda ya taɓa gama musu da ita. Yanzu shekararta ashirin da huɗu, tana koyar da 'yan aji uku a firamare. Wata biyu kafin ranar an yi mata ƙaramin aiki a asibiti, aka cire wani ƙullutu a ƙirjinta, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba. Bayan mako biyu likita ya ce an gwada, ba mai cutarwa ba ne, irin wanda 'yan mata kan samu ne. Muka yi hamdala, aka ba mu takarda, na sa a akwati.

Yanzu ga takarda ta biyu a hannuna.

Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, kuma Turancin takardar irin na likitoci ne, cikin kalma biyar da kyar nake kama ɗaya. Amma abin da ke sama an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Akwai wata doguwar kalma, lipoprotein, akwai haruffa uku, L da R da P, sannan a ƙarshen layin ga kalmar da ko jahili ya san ta: kansa, wato ciwon daji. A ƙarƙashi sunan 'yata, da wata lamba, da cewa ta zo ranar Laraba ƙarfe goma, hawa na biyu, ɗaki na sha huɗu.

Mai babur ya ce, “Baba, sa hannun fa?” Na sa. Ban san me na rubuta ba.

Na ninke takardar na cusa a aljihun rigar aiki. Na zauna a bakin gado na buga haruffan nan uku a waya. Abin da ya fito ya fi ƙarfina, amma na tsinci kalmomi biyu da na gane: kitse, da yaɗuwa. Na kashe wayar na kifa ta a kan matashi.

Da la'asar Lauya ta dawo daga darasin Asabar da tarin littattafan yara a hammata, tana mita cewa wani yaro ya rubuta mata cewa kifi yana da ƙafa huɗu. Na dube ta. Lafiya lau take tafiya. Amma ai haka kwali yake zuwa da kyau a waje, ka buɗe ka tarar ruwa ya gama da na ciki.

Washegari da safe uwarta ta kawo shayi da burodi, ta buɗe firji ta tsaya.

“Malam, ina bota?”

“Na ɗauke. Daga yau ba bota a gidan nan, ba suya, ba ƙwai.”

Ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa. “Ikon Allah. Shekara biyu likita yana hana ka maiƙo, kana bin bayana kicin kana tsame nama a kasko. Yau kai ne mai wa'azi?”

Lauya ta ce, “Umma, ki bar shi. Ƙila an ba shi muƙami a ma'aikatar lafiya, bai so ya faɗa mana sai an rantsar da shi.”

Suka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Ta ci burodinta gaya tana tsoma shi a shayi, ni kuwa ina kallon wuyanta, ina auna ko ta rame. Ta yi tari sau ɗaya, na ajiye kofi.

“Baba, shayi ne ya sarƙe ni. Wai me ya same ka?”

“Ba komai.”

Ranar Litinin a sito na karɓi kwali arba'in na fitilu ban buɗe ko ɗaya ba, abin da ban taɓa yi ba. Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda muka fara aiki shekara ɗaya da shi, ya kashe inji ya leƙo.

“Yau rana ta fito daga yamma. Ko wuƙarka ce ta ɓata?”

Na ce, “Dogo, idan asibiti sun sallami mutum, suka ce lafiyarsa lau, sannan suka sake aiko masa da takarda, me ke nan?”

“Wane ne?”

“'Yar wani abokina.”

“Kai har kana da wani aboki bayan ni? Ni kuma 'ya'yana duk maza ne.” Ya ƙyalƙyale. “Ƙila almakashi suka manta a ciki, suna son kayansu.”

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sauko. Ya tsaya kusa da ni yana goge hannu da tsumma. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce kawai, “Ka gaya wa abokin naka ya je ya tambaya. Zullumi ya fi ciwo kisa.”

Ranar Talata na roƙi awa biyu na tafi asibitin ni kaɗai. Nufina in ji maganar tukuna, in san yadda zan tauna ta kafin in ba su. Hawa na biyu doguwar baranda ce mai kujerun roba a jere, ɗaki na sha huɗu yana can ƙarshe, ƙofarsa da ɗan gilashi a tsakiya. Wata ma'aikaciyar jinya tana zaune a tebur a bakin ƙofar. Na miƙa mata takardar da hannu biyu.

“Kai ne mai sunan?”

“Ni ne ubanta.”

“Baba, ka yi haƙuri, ba ma yi wa kowa bayani sai mai ita. Likitar ma ba ta nan yau.”

“'Yata, kalma ɗaya nake so. Akwai ko babu?”

“Ni takardu kawai nake karɓa. Gobe ku zo tare da ita.”

Ku zo tare. A wurin aikinmu idan manaja ya ce a zo da mutum tare da wani nasa, ba alheri ake shirin faɗa ba. Na mayar da takardar aljihu na sauko matakala.

Safiyar Laraba ba sauran wurin ɓuya. Lauya tana tsaye tana ɗaura agogo, jakarta a kafaɗa. Na zaro takardar, duk ta yi laushi da gumi, na ajiye a kan tebur tare da ambulan.

Ba takardar ta fara duba ba, bakin ambulan ta duba.

“Wa ya buɗe?”

“Ni ne.”

“Yaushe ya zo?”

“Asabar.”

“Asabar! Baba, yau Laraba. Sunan wa ke jiki?”

“Naki.”

“To a wace doka...” Sai idonta ya sauka kan manyan baƙaƙen, ta karanta har ƙasa. Uwarta ta fito daga kicin da cokali a hannu, tana duban fuskata tana duban tata.

Lauya ta ce, “Baba, wannan ai na bincike ne. Kafin a yi mini aiki sun tambaye ni ko na yarda su riƙe ragowar abin da suka cire su yi nazari a kai, na sa hannu. Wannan layin na sama sunan binciken ne.”

Na ce, “To me ya sa sunanki yake ƙarƙashinsa? Abin da ke sama shi ne abin da ke ciki. Kuma takarda ta biyu ita ke kashe ta farko.”

“Wannan a sito ne.”

“Nuna mini inda suka rubuta cewa ba ki da shi.”

Ta sake karantawa. Ta juya bayan takardar, ba komai. Hannunta ya tafi a hankali ya dafa wurin da aka yi mata ɗinki. A nan na gane cewa kayan da na ɗauka kwana huɗu ban sauke su ba, a kanta na ɗora su.

Uwarta ta zauna a kujera, cokalin yana hannunta. Ta ce, “Ku tafi. Ni ƙafafuna ba za su kai ni ba. Amma wallahi ko me aka ce, kafin ku sauko daga benen ku kira ni.”

Ƙarfe goma saura muna ƙofar ɗaki na sha huɗu.

Likitar binciken mace ce da za ta yi shekara arba'in da wani abu, da tabarau, aljihun farar rigarta ya ɓaci da tawadar biro. Ɗakin ƙarami ne, sanyi kamar cikin firji, da dogon tebur da na'urori a kai, da wasu akwatuna masu faɗi jere a kanta. Ta gaishe mu, ta ce mu zauna. Lauya ba ta zauna ba.

“Likita, kafin komai. Sakamakona ya canza?”

“Wane sakamako?”

“Na ƙullutun. An gano kansa ce?”

Likitar ta dubi takardar da ke hannun Lauya, ta dube ni, sai ta cire tabarau ta dafe goshi.

“Wayyo. Ku ne na uku da wasiƙar nan ta tsorata a watan nan. A'a, ƙanwata, sakamakonki bai canza ba. Ba ki da kansa. Zauna, don Allah. Baba, kai ma ka saki jikinka, ka riƙe kujerar nan kamar za ta gudu.”

Na ji maganar, amma ba ta shiga ba. Na ce, “Ranki ya daɗe, takarda ta biyu ba ta kashe ta farko ba?”

“Ta farko tana nan da ranta.” Ta juya ga kwamfuta, ta buga lambar, ta juyo da fuskar gare mu. “Ga shi. Mutum biyu suka duba, kowa daban, bakinsu ɗaya. Wannan ta biyun gayyata ce kawai. Layin saman sunan aikinmu ne, a kan kowace wasiƙa yake fita, ko ta masu ciwon ko ta waɗanda ba su da shi. Laifinmu ne da ba mu rubuta hakan a fili ba. Na yi magana a gyara, yau zan sake yi.”

Lauya ta zauna a hankali. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, ashe har da dariya a ciki.

Ni kuwa ban gama ba. Na ce, “To idan ba ta da shi, me kuke yi da namanta a binciken kansa?”

Likitar ta ce, “Baba, wane aiki kake yi?”

“Ina karɓar kaya a sito.”

Ta yi murmushi. “Ashe abokin aikinka muke bincike. Ka ga jikin mutum, ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi, kowace kamar ɗaki mai ƙofa. A bakin ƙofar akwai masu karɓar kaya. Jini yana yawo da ƙunshin kitse da furotin, shi ne doguwar kalmar nan da ka gani, su kuma su karɓa su shigar. Waɗannan masu haruffa ukun dangin masu karɓar ne. Ba kitse kaɗai suke karɓa ba, har da wasu kaya, har da saƙonni, irin su ki girma, ki tsaya, ki matsa gaba. A wasu nau'o'in kansa mukan tarar sun yi yawa a ƙofa, a wasu kuma sun ragu ƙwarai. Muna so mu gane me ya sa.”

“To ita fa?”

“Idan aka kawo maka kwalin da kake zargin ya lalace, yaya kake tabbatarwa?”

Na ce, “In ɗauko lafiyayye in buɗe, in ajiye su gefe da gefe.”

Ban rufe baki ba na gane. Na dubi 'yata. Ashe ita ce lafiyayyen kwalin.

Likitar ta tambayi Lauya ko ta yarda a nuna mini, ta ce ta yarda. Ta jawo ɗaya daga akwatunan nan, ta zaro wasu 'yan gilasai biyu sirara, kowane da lamba a gefe da ɗan tabo a tsakiya kamar an ɗiga shayi. Ta sa na farko a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Na sunkuya na rufe ido ɗaya.

Lauya ta ce, “Baba, wanda za ka duba da shi ka rufe.”

Na gyara. Sai ga wata duniya, ja-ja da shuɗi-shuɗi, ƙananan ɗakuna a jere, kowane a layinsa, kamar sito ranar da manyan baƙi za su zo. A gefen wasu akwai ɗan launin ƙasa-ƙasa. Likitar ta ce launin nan shi ke nuna inda masu karɓar suke. Wannan na 'yata ne. Ta canza ta sa na biyu. Nan kuwa kamar mota ta zubar da kaya: manya da ƙanana a cakuɗe, ba layi, launin ƙasan ya yi duhu a wasu wurare, wasu wuraren babu shi sam.

“Wannan na wace ce?”

“Lamba kawai nake da ita, Baba. Ko na sani ma ba zan faɗa ba.”

Na ɗago. Na ce, “Su masu karɓar nan, su ne ke buɗe wa ciwon ƙofa, ko su ne ke tare shi?”

“Tambayar da ta hana mu hutu ke nan. Wani gwajin ya nuna kamar suna taimaka masa ya bazu, wani ya nuna kamar suna riƙe shi. Ƙila ya danganta da irin ciwon da wurin da yake. Shekara shida ina kai.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, bota fa?”

“Bota?”

Lauya ta fashe da dariya har da buga tebur. “Likita, kwana huɗu muna cin burodi gaya saboda kalmar kitse da ya gani a waya.”

Likitar ta ce aikinta bai ce kowa ya bar bota ba, amma idan ni likitana ya hana ni, to wannan tsakanina da shi ne. Sannan ta faɗi dalilin kiran. Suna so su ɗebi ɗan jini su gwada da na sauran, kuma sa hannun farko na nama ne kawai, sai an sake neman izini. Ta ce Lauya tana da damar ta ƙi, ba abin da zai shafi kulawar da ake ba ta.

Nan Lauya ta dawo Lauyarta. Wa zai ga sunana? Shekara nawa za ku ajiye jinin? Idan na canza ra'ayi fa? Idan kuka ga wani abu a ciki za ku gaya mini, ko sai dai ubana ya gani a ambulan? Likitar ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba ta gaji ba. Lauya ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta sa hannu, ta naɗe hannun riga. Ni na juya ina karanta wata sanarwa a bango wadda ban gane ko kalma ɗaya a cikinta ba, har aka gama.

Kafin mu fita na roƙi a sake buga mini sakamakon farko a sa hatimi da kwanan watan ranar. Lauya ta ce, “Baba!” Likitar ta ce a bar ni, ta buga ta sa, ta miƙa wa Lauya, ba ni ba. Ta kuma tuna mata ta dawo nan da wata shida a duba ta kamar yadda aka tsara tun farko, don mai irin wannan ƙullutun takan sake samun wani.

A baranda na kira uwarta. Ko ƙara ɗaya wayar ba ta gama ba ta ɗauka.

“Babu,” na ce. “Lafiyarta lau. Ita ce ma ta gwaji, mai kyan.”

Na ji ta sauke numfashi, ta yi ta hamdala. Can ta tsaya. “Malam, kwana huɗu. Kana kallona ina kallonka, kwana huɗu. Ka dawo gida, ina da magana da kai.”

Lauya ta karɓi wayar. “Umma, ki bar mini shi, ni zan fara. Ƙarar da zan shigar ta fi taki ƙarfi.”

Muka sauko matakala, ta riƙe hannuna kamar ni aka ɗebi wa jini. A ƙasa ta tsaya ta ce, “Baba, na san tsoro ne. Amma in da gaske ne ma, ai ni ya kamata in fara ji.” Na ce haka ne. Ta tari mota ta wuce makaranta, wai ba za ta bar 'yan aji uku su cinye junansu ba. Ni na koma sito na ce wa Dogo ya sauko mini da kwalayen fitilun nan arba'in, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Yau wata uku ke nan. 'Yata tana lafiya, saura wata uku ta koma a duba ta. Ko wani ƙullutun zai sake fitowa, ba wanda ya iya gaya mana. Likitar ma har yanzu ba ta gano ko masu karɓar nan suna taimakon ciwon ne ko suna tare shi ba. Matar da gilashinta ke kusa da na 'yata kuwa, ban san sunanta ba, ban san ko ta warke ba.